Lemon da Ya Dawo

Har gobe ban manta da ranar da lemon zaƙi ɗaya ya ceci auren 'yata ba.

Lokacin ina babban mai awo a sashen ruwa na Tamale. Aikinmu shi ne mu tsoma sanda mai lamba mu ga zurfi, sannan mu jefa abu mai yawo a kan ruwa, galibi lemo, mu ga inda ya nufa da saurinsa. Abokin aikina Fuseini ne, mutumin unguwar Choggu, mai taurin kai kamar jakin kasuwa. Ɗansa na neman 'yata Rahina, har an sa ranar kawo goro gidana a unguwar Bulpiela.

Wata damina, hadari ya fasa tudun yashin da ya raba teku da wani tafki a can kudu. Ma'aikata suka yi ƙaranci, aka turo a ba da aron mutum biyu, shugabanmu ya tura mu. Mu kuwa 'yan kogi ne. Tun muna yara, ruwan da muka sani hanya ɗaya yake bi. Hawa da saukar teku mun karanta a makaranta, amma karatun ya tsaya a allo.

Muka raba aiki. Da hantsi na shiga ɓarakar da hadarin ya yi, ruwa iya ƙugu, yana fita zuwa teku. Bayan la'asar Fuseini ya je, ya dawo jiƙe sharkaf, ya ce ruwa ya kai wuya, kuma cikin tafki yake shiga.

Na ce, “Masa, abokina, ka auna kuwa, ko ƙarƙashin kwakwa ka kwanta?”

Ya ce, “Ni? Kai ne ba ka shiga ba koraa, ko kaɗan! Ruwa iya ƙugu zai jiƙa mini hula?”

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a aikinmu a ce ka ƙirƙiro lamba ya fi a zage ka. Na buga waya gida na ce wa mai ɗakina kada a karɓi goron kowa, ba na haɗa jini da maƙaryaci. Shi ma ya buga nasa gidan. Kafin magariba labari ya gama zongo, Rahina tana ta kuka a waya.

Kashegari muka yi alkawari mu tafi tare, wanda ruwa ya ƙaryata ya nemi gafara a gaban mutane. Jayayyar wanda zai riƙe sanda ta cinye mana safiya, sai wajen azahar muka isa. Muka shiga ruwan, na jefa lemo. Ya kama hanyar teku, a hankali dai, amma ya kama. Na gyara tsayuwa na fara wa Fuseini wa'azi a kan riƙon amana, har da ɗaga yatsa.

Ina tsakiyar wa'azi ya ce, “Alhassan, duba bayanka.”

Lemon nan ya tsaya cik. Ya yi ɗan juyi kamar wanda ya manta makulli a gida, sai ga shi yana dawowa. Ya wuce ta gabanmu, ya shige tafki abinsa. Muka tsaya baki buɗe, ruwa na hawa daga ƙugu zuwa ƙirji. Fuseini gajere ne, sai ji na yi ya ƙanƙame mini wuya yana cewa, “Suruki, kar ka sake ni!”

Na ce, “Yanzu na zama suruki?”

Ya ce, “Fitar da ni tukuna, mu yi wannan magana a tudu.”

Muka kwana biyu muna awo daga safe har yamma, kowace lamba da lokacinta a gefe. Shugaba ya yaba rahoton, bai san abin da ya haife shi ba.

Saboda haka, ku sababbin ma'aikata, zurfi ba tare da lokaci ba rabin magana ne. Kuma kafin ka kira ɗan'uwanka maƙaryaci, tambaye shi yaushe ya duba. Ranar da aka kawo goro gidana, a saman ƙwaryar akwai lemo guda ɗaya. Mata suka yi ta tambayar wace sabuwar al'ada ce wannan, ni da Fuseini ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.