Muryar Yaya a Bakin Wata

Yayata zabiya ce. Ban san wannan abin magana ne ba sai da na shiga makaranta, na ji sunayen da yara ke jifanta da su a hanya. A gida ita ce Yaya kawai, mai yi mini kitso tana kawo fuskarta dab da kaina saboda idanunta ba sa gani daga nesa. Gashinta kamar gemun masara. Ina ƙarama na ɗauka da farin wata aka yi ta, mu kuma da ƙasa.

Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinmu Dutse. Cocinmu ƙarami ne, a gefen gari, kowa ya san kowa. A nan Yaya ta sami inda take sakewa, kuma dalilin haka mace ɗaya ce, shugabar ƙungiyar mawaƙa, wadda duk muke kira Mama. Ita ta ware wa Yaya kujera nesa da taga don kada rana ta taɓa ta. Ita ta sayo mata malafa da lema. Wata rana wata mata ta ƙi shan ruwa da kofin da Yaya ta sha, Mama ta ɗauki kofin ta shanye a gaban kowa, ta ce, "Wanda ya yi ki bai yi kuskure ba, 'yata." Na riƙe wannan magana shekaru, nakan maimaita ta a cikin addu'a.

Yaya ce mai ba da waƙa, mu muna amshi. Akwai wata waƙa da ta tsara tana wanke-wanke, a kan maginin tukwane wanda ba ya jefar da tukunya don ta fito daga wuta da wata kala daban. Idan ta ɗaga murya a baiti na biyu, tsofaffin mata sukan daina kaɗa kacau-kacau su saurara.

Shekarar da nake aji biyu a jami'a, ƙungiya ta yanke shawarar yin bidiyon waƙar. Yadda ake yi shi ne, a fara ɗaukar murya a ɗaki, sannan wata rana a fita waje a kunna sautin, mawaƙa su riƙa motsa baki ana ɗaukar hoto. Murya muka ɗauka lafiya. Yaya ta yi nata sau biyu kacal, mai naɗar muryar ya cire abin kunnensa ya ce ya isa. Aka ɗinka mana anko shuɗi, aka sa ranar Asabar za a hau duwatsu.

Ranar Juma'a bayan gwajin waƙa, Mama ta ja ni gefe ta riƙe hannuna.

"'Yata, gobe tsakar rana za mu yi a kan dutse. Kin san fatar yayarki. Ki faɗa mata ta huta. 'Yan amshi kawai za a ɗauka. Nata ɓangaren, a cikin coci za mu yi shi, a inuwa, mako mai zuwa."

"To Mama, mun gode da kulawa," na ce.

Har da durƙusawa na yi. Ni na kai saƙon gida da bakina, ina murna. Yaya ta yi dariya ta ce, "Ku je ku gasu, ƙanwata. Ni 'yar gata ce."

A kan dutsen, ga bishiyoyin dabino can ƙasa, iska tana wasa da ɗankwalayenmu, na ji kamar a mafarki. Da aka kunna sautin, sai Mama ta tura 'yar ƙanwarta gaba, wata doguwar yarinya da ba ta fi wata biyu a ƙungiya ba. Fara ce ita ma, amma irin farin da mutane ke so. Na dubi Mama. Ta ce, "Wuri kawai take riƙe wa mai kyamara, don ya san inda zai saka yayarki." Na yarda. Na tsaya a bayan yarinyar ina amshi, muryar Yaya tana fitowa daga lasifika, leɓɓan wata suna binta.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Yaya ta goge ankonta ta rataye a bayan ƙofa. Duk Lahadi Mama takan ce mai kyamara ya yi tafiya.

Hajiya maƙwabciyarmu ce ta shigo wata yamma da wayar 'yarta a hannu. Shekara goma tana jin waƙar Yaya ta kan katanga, ita ce kuma ke fara aiko mana da nama ranar Sallah.

Ta dubi Yaya ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki warware mini. Wannan ai muryarki ce, ko a cikin barci na san ta. To fuskar wace ce?"

Yaya ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta, yadda take karatu. Ta kalla daga farko har ƙarshe, tana motsa wayar a hankali, tana neman kanta. Ta gan ni a layi na biyu ina murmushi. Ta miƙa wa Hajiya wayar ta ce, "Ankon ya yi muku kyau."

Washegari na je gidan Mama. Na ce, "Mama, ni kika aika."

"Zauna, 'yata. Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Bidiyon nan ko'ina zai je. Za su tsaya kallonta su manta da saƙon. Wasu ma su yi mata dariya. Kare ta na yi."

"Kin tambaye ta?"

Ta gyara ɗankwalinta, ta tambaye ni ko zan sha zoɓo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da murya ɗaya ta faɗi wannan da kuma maganar kofin, mai taushi, mai sanyi. Na dawo a cikin adaidaita ina tunanin malafar da lemar, da kujerar nan ta nesa da taga. Sai a ranar na lura kujerar tana bayan ginshiƙi.

Ranar Lahadin da aka miƙa bidiyon ga Ubangiji, Baba Fasto, wanda bai san yadda aka yi ba, ya ce, "To, mun gani a allo, yanzu mu ji da kunnenmu." Aka ba 'yar ƙanwar Mama makirufo. Kiɗa ya fara. Ta buɗe baki, abin da ya fito siriri ne, ya karye tun kafin baiti na biyu. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ba ni tausayi. Mama ta lallaɓo da makirufo na biyu zuwa bayan ginshiƙi, ina ji tana raɗa, "Taimaka mata daga nan, 'yata. Kina zaune ma ya isa."

Yaya ta karɓa. Ta miƙe, ta ajiye malafar a kan kujera, ta taka zuwa gaba a hankali tana laluben matakala da ƙafa, har ta tsaya inda rana ke shigowa ta taga. Ta riƙe hannun yarinyar, ta ce, "Ki yi mini amshi." Sannan ta rera waƙar maginin tukwane da fuskarta, idanunta suna rawa a cikin hasken, kowa yana kallo. Ba wanda ya yi dariya.

Ba a sake bidiyon ba. Har yau yana yawo a wayoyi da fuskar wata. Yaya tana gaishe da Mama duk Lahadi, har ƙasa, ta ce ta yafe. Ni har yanzu idan na zo wurin gafara a cikin addu'a, harshena yakan yi nauyi. Malafar kuwa ta yi makonni a kan kujerar bayan ginshiƙi, har mai shara ta gaji ta ɗauke. Yaya ta sayi wata da kanta a kasuwa, ja, mai faɗi, a layin gaba take zama da ita.