Kujerar Gwaggo a Tarago na Uku

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara ashirin da tara da wata biyar tana guga a ɗakin wankin wani babban asibiti a cikin gari. Zanen gado, rigar filo, rigunan ɗakin tiyata. A tsaye take aikin daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, in ka cire rabin awar cin abinci. Na taɓa kai mata maganinta da ta manta a gida, na tsaya bakin ƙofa ina duba agogo: kowane zane minti biyu da rabi yake ci mata, kuma ko sau ɗaya ba ta jingina da tebur ba. A ɗakin kaf kujera ɗaya ce, ita ma kwandon kaya ne a kanta.

Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakinta na kallon tamu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a nesa. Ni ina aikin ajiyar kaya a wani sito, inda ƙirga ita ce sana'ar, kuma tun ina ƙarami take ce mini Agogo.

Unguwarmu a bayan gari take. Bas ɗin farko yana tashi shida da minti goma, mai kujera goma sha takwas ne, amma ban taɓa ƙirga ƙasa da mutum ashirin da biyar a ciki ba. Kwandasta zai ce, "Ku matsa mana, akwai wuri," alhali shi kansa ƙafarsa ɗaya a waje take. Gwaggo takan sami rabin kujera, ta ɗora jakar abincinta a cinya. Minti ashirin da biyar a kai tashar jirgin ƙasa. Daga nan matakala arba'in da biyu, tana hawa tana riƙe da ƙarfe, tana hutawa a ta ashirin.

A saman matakalar hanya ta rabu biyu. Dama, jirgin da ke shiga gari, mai zuwa bakwai saura minti ashirin. Hagu, jirgin da ke komawa baya zuwa ƙarshen layi, tasha uku daga tamu. Kowa dama yake yi. Gwaggo hagu take yi.

Takan hau jirgin nan da ba kowa a ciki, ta zauna a tarago na uku, ta bi shi har ƙarshen layi. Ba ta sauka. Ya tsaya minti goma, ya cika, ya juyo, ya sake ratsa tasharmu, sannan ya shiga gari. Tana isa wurin aiki takwas da minti ashirin da huɗu. Tsohon shugaban sashensu ya san da haka, bai taɓa magana ba, don ita ke rufe ɗakin da yamma bayan kowa ya tafi. A taragon akwai wata mata mai saƙar hular jarirai da ke zama kusa da ita. Gwaggo tana zama sai barci, idan an kusa tasharta matar ta taɓa mata gwiwa da ƙugiyar saƙa. Shekara goma sha ɗaya suna haka.

Sai tsohon ya yi ritaya, aka kawo wata da suke kira Madam, aka kuma kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Na'ura ba ta san wanda ke rufe ɗaki da yamma ba. Cikin wata guda Gwaggo ta karɓi takardar gargaɗi biyu. Ta uku sallama ce, kuma wanda aka sallama kafin ya cika shekara talatin ba shi da fansho. Saura mata wata bakwai. Na ƙirga ranakun aiki a kalanda, kwana ɗari da tamanin da biyu.

Da ta nuna mini takardar sai na ɗauko biro, har da murnata, don a ganina ban taɓa samun matsala mai sauƙi kamar wannan ba.

"Gwaggo, duba nan. In kika yi dama maimakon hagu, kina wurin aiki takwas saura minti goma sha takwas. Minti arba'in da biyu kike zubarwa kullum."

"Zubarwa," in ji ta.

"A shekara ya fi awa ɗari biyu."

Ta daɗe tana kallon takardar. "To, Agogo, ka fi ni karatu."

Ranar Litinin muka yi dama tare. Jirgin ya iso a cike, fuskokin mutane manne da gilashi. Muka kutsa, na samar mata wurin riƙe ƙarfe tsakanin wani mai buhu da wata mai goyo. Duk waɗanda ke zaune idonsu a rufe yake, wasu barcin gaske, wasu na ƙarya. A lokacin na ji haushinsu. Minti hamsin a tsaye, tasha goma sha ɗaya, kowane birki sai an danno mu gaba. Amma ta dangwala yatsa da sauran lokaci, na koma gida da yamma ina ba matata labari kamar ni na ƙera jirgin.

Talata haka, Laraba haka. Ranar Alhamis wata ɗaliba ta tashi ta ba ta wuri, saura tasha biyu ta sauka. Ranar Juma'a, wajen ƙarfe uku, barci ya ɗauke ta a tsaye da dutsen guga a hannu. Zanen ya ƙone har ya huje, gefen dutsen ya taɓa mata wuyan hannu. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga zanen ta leƙa ta cikin hujin, ta ce, "Mama, in ƙafar ta gaza, ki faɗa mana tun da wuri, mu san abin yi."

Na dawo na tarar da ita a tsakar gida, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi, matata na matsa mata. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Matata ta danna da babban yatsa, wurin ya lotsa. Na ƙirga a zuci, sai da na kai goma sha ɗaya kafin ya ciko.

"Agogo, zo nan. Minti nawa ka ce na samu?"

"Arba'in da biyu, Gwaggo."

"Kwana biyar, nawa ke nan?"

"Ɗari biyu da goma."

"To kawo mini su in gani. Ko aljihunka ka zuba?"

Matata ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai ka ɗauka tafiya nake yi a jirgin nan," in ji Gwaggo. "Ni zama nake zuwa yi. Daga na tashi da asuba har in kwanta, wurin nan ne kaɗai ba wanda ke cewa Gwaggo miƙo, Mama ɗauko. Ka ƙirga komai, ba ka ƙirga wannan ba."

Na ƙirga a take. Daga hawanta jirgin baya zuwa saukarta, minti casa'in da biyu a zaune. Na ɗauke mata su duka, na ba ta hamsin a tsaye. Yanzu in ta yi hagu na'ura ta kore ta, in ta yi dama ƙafa ta kore ta.

Ranar Lahadi na je tasha na kwafe jadawalin jiragen duka. Jirgin bakwai saura ashirin ɗin nan, shi ma daga ƙarshen layi yake tasowa, kuma a kan hanyarsa ta zuwa can yana ratsa tasharmu shida saura minti biyu, babu kowa a ciki. A lokacin bas bai fara aiki ba, dole sai da ƙafa. Gwaggo ba za ta iya ba. Ni zan iya: taku dubu huɗu da ɗari ɗaya, minti talatin da biyar.

Na gaya mata tsarin. Ni in fita biyar da minti ashirin, in bi jirgin baya, in kama kujera. Ita ta hau bas kamar kullum, ta tsaya daidai inda ƙofar tarago na uku ke buɗewa.

"Kai kuma ka tsaya har gari?"

"Ai a wurin aiki zaune nake."

"Uhm," in ji ta. "Allah ya sa kada ka gaji ran Laraba."

Ranar farko na sami kujerar da ke daf da ƙofa. Jirgi ya juyo, ya cika tun tasha ta biyu. Wani mutum mai furfura da baƙar jakar ofis ya tsaya a gabana, gwiwarsa na gugar tawa. Da muka iso tasharmu na hango Gwaggo, sai na miƙe ina ɗaga mata hannu. Kafin in sauke hannun, mai jaka ya zauna.

"Malam, wurin gwaggota ne."

"Ina sunanta a jiki?"

"Ni na kama mata. Tun daga ƙarshen layi nake zaune."

"To ai ka tashi." Ya gyara jakarsa a cinya. "Ɗan'uwa, shekara tara ina hawa jirgin nan. Wanda ya tashi, wurin na wanda ke gabansa ne. Ba ni na kafa ba, haka na tarar."

Wata daga baya ta ce, "Gaskiya ya faɗa. In ana kama wa dangi, ni ma ina da kaka a gida."

Aka yi dariya. Mai jaka ya rufe ido. Gwaggo ta iso ta kama ƙarfe kusa da ni, ta ce a hankali, "Wa ya ce ka tashi? Ba a tashi sai mai wuri ya taka maka ƙafa." Ranar mu biyu muka tsaya har gari.

Washegari ban motsa ba. Ƙofa ta buɗe, ta kutso da kafaɗa da jakar abinci, sai da takalminta ya hau kan nawa sannan na zame gefe, ta zame ciki. Mai jaka yana tsaye yana kallo.

"Wannan ai maguɗi ne."

"Tana gabana ko ba ta gabana?"

Ya yi tsaki ya juya kai. Kafin tasha ta gaba Gwaggo ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe, hannun da ya ƙone a kan jaka. Da aka kusa tasharta na taɓa mata gwiwa. Ta buɗe ido ta dubi gefenta tukun, sannan ta dube ni.

Haka muka yi ta yi. Ruwan sama ya dake ni sau goma sha huɗu. Takalmi biyu na kashe. Sau uku na makara jirgin baya ya wuce ni, muka tsaya tare har gari. Sau ɗaya jirgi ya lalace tsakanin tashoshi na minti goma sha bakwai, ta dangwala yatsa saura minti ɗaya. A wata na uku mai jaka ya fara cewa, "Ku ba Gwaggo hanya," da zarar ƙofa ta buɗe. Na yi masa godiya, ya ce ba don Allah yake yi ba, in ba ta shigo da wuri ba jakarta ce ke dukan masa haƙarƙari. Kumburin bai tafi ba, amma ya sauko. Lotsawar ta koma shida, wani lokaci biyar. Ni kuwa na daina ba matata labari da yamma, ina cin abinci nake gyangyaɗi.

Ita da mai saƙa ba su sake haɗuwa ba, don jirginsu ya bambanta. Na tambayi Gwaggo sunanta ko zan nemo ta, ta ce, "Ka san ban taɓa tambaya ba? Kullum barci nake."

Ranar ta ɗari da tamanin da biyu ta dangwala yatsa takwas saura kwata, ta goge zanenta, ta rufe ɗakin da yamma kamar yadda ta saba. Aka ba ta takardar kammala aiki a cikin ambulan. Ta dawo gida ta sa ƙafa a ruwan ɗumi, ta ce a kashe rediyo.

Litinin da ta biyo baya idona ya buɗe biyar saura, ba tare da ƙararrawa ba. Na ji motsin buta a ɗakinta, ita ma ta tashi. Ina iya komawa in kwanta in jira bas. Na zauna bakin gado na yi lissafin, sannan na sa takalmi. Taku dubu huɗu da ɗari ɗaya, matakala arba'in da biyu, na yi hagu.

Da jirgin ya juyo ya tsaya a tasharmu, mai jaka ya buɗe baki zai ce a ba da hanya, sai ya leƙa ƙofa, ya dube ni.

"Gwaggo fa?"

"Ta gama."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tana gida."

"Madalla." Ya gyara riƙon jakarsa. "To tashi mana."

Na rufe ido.