Wandon Maigida a Cikin Ƙwarya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na rufe wandon maigidana da faifai na ɗauka a ka zuwa Ruwan Godiya ba.

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ne, kowa yana son ɗakin kwano. Maigida direban babbar mota ne, yana jigilar siminti daga Funtua zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, mu kuma muna zaune a Sheme. Ni ke yi masa wanki, don haka ni na fara ganin jini a wandonsa. Da na yi ta maza na tambaya, sai ya yi dariya ya ce basir ne, babu direban da ba shi da shi. Shi da amininsa, wani direba mai irin larurar, kwalbar sassaƙe ɗaya suke sha a tasha.

Amma basir ɗin nan bai yi mini kama da na mutane ba. Ya shiga bayi ya daɗe, ya fito ya sake komawa. Tuwo ya fara dawowa a kwano. Tazugen wandonsa kuwa kullum ƙara tsawo yake yi. Tsoro ya kama ni sosai, ina daka ina lissafin yadda zan yi da 'ya'ya ƙanana.

Wa zan faɗa wa? A zamaninmu ko sunan miji ba ka faɗa, balle ka buɗe baki ka yi maganar bayan gidansa. Mutum ɗaya yake jin maganarsa, wato yayansa da ke noma a Ruwan Godiya, ni kuwa ko ido ba ma haɗawa da shi. Sai wata safiya na ƙi wanke wandon. Na naɗe shi a ƙwarya kamar mai kai fura, na hau motar kasuwa.

Na sami yayan nasa a zaure, na durƙusa na tura ƙwaryar. Ya ɗaga faifai, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun kahin shuka, Yaya."

"Shi yas san kin taho?"

Na girgiza kai. Sai ya jawo takalmansa.

Da ƙyar ya tisa ƙeyar maigida zuwa babban asibiti a Zariya. Likita ya duba ya ce ƙari ne a babban hanji, ciwon daji, amma bai bazu ba tukuna. Ranar aikin na zauna a baranda ina jan carbi, ban ma san me nake karantawa ba. Allah Ya sa aka yanke wurin, ya tashi.

Amininsa bai yarda ya je ba, ya ce shi ba mai taɓa masa jiki. Kafin damina ta zagayo muka je gaisuwar rasuwarsa.

Maigida ya yi fushi da ni har aka gama girbi, wai na tona masa asiri. Daga baya ya aurar da 'ya'yansa duka, ya ga jikoki, yana tsokanata da cewa a riƙa duba ƙwaryata kafin a karɓa.

Yanzu 'ya'yana sun manyanta, kuma likitoci sun ce ciwon yana bin dangi, don haka ban bar ɗayansu ya huta ba sai da ya je gwajin hanji, ko da lafiyarsa ƙalau. Abin da na koya shi ne, jini a bayan gida ba a sa masa suna basir sai likita ya duba. Kunya kam na ji ta ranar nan, amma na gwammace ta da zaman takaba.