A Kafaɗa Muke Ɗauka

Har yau in na ji bokiti ya bugi bakin rijiya, sai kafaɗata ta dama ta motsa. Bari ka ji dalili.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Sheme. Iyayena sun zama Kirista, kakata kuwa ta ce a bar ta da abin da ta tarar. Matan gidanmu ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa muke ɗauka, ko tulu ne ko damin dawa. Kaka takan ce kai yana ɗauke da hankali, wannan kayan ya ishe shi.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka tura ni sansanin yara na coci a Ƙanƙara. A gida an san ni da faɗa, ko kallon banza aka yi mini sai an raba. Da za mu shiga mota, kaka ta kama kunnena ta ce, "Ke wagga ɗiya, kada ki bugi ɗiyan mutane. Kuma kada ki ji kunyarmu."

Da safe aka aike mu ɗiban ruwa. Na cika bokiti na saɓa a kafaɗa. Kai, sai dariya ta ɓarke! 'Yan matan gari suka bi ni da tafi, wai Bamagujiya ta kawo arnancinta coci. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na cije. Amma kullum sai na bi ta gabansu a hankali, bokitina a kafaɗa, ko ɗigo ba ya zuba. Da wadda ta fi tsokanata ta kwanta da zazzaɓi, ni na riƙa ɗebo mata ruwan wanka. Allah ya sani ba sonta nake ba. An koya mana yi wa maƙiyi alheri ne, na ce bari in gwada in ga ko zan mutu.

Ranar rufe sansani iyaye suka zo. Can na hango kaka, ita da ba ta taɓa taka harabar coci ba, da ƙwaryar fura a kafaɗa. Yara suka fara zungurin juna. Ana cikin haka fasto ya kira ni, wai ni ce na fi kowa kyawun hali. Ni fa! Kyautar sabon daro ce, da Littafi Mai Tsarki da sabulu a ciki. Matar fasto ta ɗaga za ta aza mini a ka, ta raɗa mini, "Yau dai ki ɗauka kamar mutane."

Na durƙusa na yi godiya, na ce, "Mama, ai mu ma mutane ne." Na saɓa darona a kafaɗa, na ratsa taron nan har gaban kaka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe ba ki bugi kowa ba?" Sai na ga tana goge ido da bakin zane.

Kaka ta rasu a kan abin da ta tarar. Yanzu babur ke kawo ruwa a jarka, 'ya'yana ko ƙwarya ba su iya saɓawa ba. Amma duk shekara, ranar godiyar amfanin gona, a kafaɗa nake kai dawata gaban coci. Mai dariya ya yi abinsa, ni ba a ka zan ɗora ba.