Yadda Faransancina Ya Kori Tafinta

Shekarar da ƙafata ta kumbura na daina zuwa kasuwa a Adjamé, ina zaune a ƙofar gidanmu na haya a unguwar Biafra ta Treichville, sai ga wata budurwa da takardu daga asibitin unguwa. Wai suna so su san ko Hausawan Treichville na jin Faransanci, ko kuwa a ci gaba da riƙe matar da ke yi wa marasa lafiya tafinta.

Da hantsi ta zo. Mahauta suna mayanka, mata sun tafi kasuwar Gouro, uwargidana Hajiya tana ɗaka, ba ta fitowa gaban baƙi. Wa ya rage a layin? Ni, da tsohon direban gbaka, wato motar haya, da tela. Dukanmu mun taɓa leƙa lakwal, makarantar boko ta Faransanci.

"Papa, kana jin Faransanci?"

Ni da na yi aji uku cur kafin a kore ni? Na gyara hula, na zuba mata har da kalmomin da ban san inda ake sa su ba.

"Iyalinka fa?"

"'Yata, gidan nan ko kyanwa da Faransanci take kuka."

Ta yi dariya, ta rubuta. Ta rubuta fa!

Shekara talatin ina sarin shinkafa, ban taɓa yarda da bakin buhu ba. Sai na soka ƙarfe a sama, a tsakiya, a gindi. Ita bakin buhu ta ɗiba, ni ne kuma bakin buhun.

Bayan 'yan watanni aka sallami tafinta. Na je asibitin da sandata na ce ƙarya na yi, aka ce takarda ta riga ta wuce sama.

Hajiya tana da ciwo irin na mata, wanda a da ita da tafinta kaɗai suka san sunansa. Yanzu ni ke zama tsakaninta da likita. Ran Talata likitar ta tambaya ina ke ciwo. Hajiya ta dubi bango.

"Alhaji, ɗan fita."

"In na fita wa zai faɗa?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"To, ce mata kaina ne."

Na san ba kai ba ne. Likitar ma ina jin ta sani. Na buɗe baki na fassara, daidai, babu kuskure ko ɗaya. Aka rubuto mana maganin ciwon kai.