Tsohon Direba

Shekararsa sittin, direban ofis ne da aka sallama bara. Yana zaune a shagon gyaran kwamfuta, takalmansa na sheƙi, yana juya makulli marar mota. Kwamfutarsa mai aiki da manhajar Linux ta daina kama intanet, ga shi ta nan kaɗai yake ganin jikokinsa.

"Baba, matsalar direba ce, manhajar da ke tuƙa na'urar kama intanet," in ji mai gyara. "Biyu ne. Sabon akwai gudu, sai yawan yankewa. Tsohon ba ya yar da kai a hanya, amma an daina kula da shi."

Dattijon ya yi murmushin takaici.

"Na san labarinsa. Saka mini tsohon, ɗana."

Ya mayar da makullin aljihu.