Karkataccen Injin Wiebe

Mijina Wiebe bai taɓa ganin abu a karkace ya wuce shi ba. Sama da shekara arba'in yana gyaran keke a garinmu Drachten, kuma har ya rufe shago ban taɓa jin ya ce wa taya "ta isa haka" ba. In muka je gidan mutane, kafin a kawo kofi ya riga ya daidaita musu hoton da ke bango. Ranar aurenmu ma, ana tsakiyar ɗaurawa a ofishin magajin gari, sai da ya kai hannu ya gyara wa jami'in wuyan riga. Na ce a raina, to Hiske, kin ga abin da kika jajibo wa kanki.

Abu ɗaya ya gagare shi miƙarwa a duniya, shi ne ƙanena Jelle, wanda ya yi aikinsa a kamfanin madara har ya yi ritaya. Su biyun nan ba sa rabuwa, ba sa kuma jituwa.

Wajen 1986 suka haɗa kai suka sayi kwamfuta, irin wadda ake jona wa talabijin, tare da injin karanta faifai, wani akwati mai nauyin bulo. Fayafayan lokacin baƙaƙe ne masu laushi, kowanne a cikin rigarsa ta roba mai kusurwa huɗu, kuma ba su da wuyar lalacewa. Yau ka adana abu, gobe faifan ya ce bai san zancen ba. Don haka suka zauna suka rubuta manhaja wadda za ta riƙa ceto abin da ke kan faifan da ya lalace, suka sa mata suna Likita. Duk Asabar Wiebe zai ɗaure injin a bayan kekensa, ya bi titunanmu na bulo yana gwaram-gwaram har gidan Jelle, don shi ne mai talabijin mai launi.

Da sababbin kwamfutoci suka zo, aka tattara komai aka kai ɗakin sama na gidanmu, ƙarƙashin rufi. Gardama ce kawai aka bari a ƙasa. In ka kunna Likita, sunayensu biyu ne ke fara fitowa, ɗaya a kan ɗaya. To sunan wa ke sama? Wiebe ya ce nasa, Jelle ya ce nasa. Sun yi wannan gardamar a bikin sunan 'ya'yanmu, sun yi ta a layin asibiti, sun yi ta ƙasa-ƙasa a jana'izar kawunmu. Na gaji da ce musu su hau sama su duba. Wiebe ya ce gwiwa, Jelle ya ce ƙura.

Bara idanun Jelle suka fara dushewa. Likitan ido ya faɗa masa gaskiya cewa abin gaba zai yi, ba baya ba. Ranar da muka ji, Wiebe ya ci burodinsa da cuku, ya tashi ya ɗauko tsani. Gwiwar da ake ta ba ni labari ban ga alamarta ba.

Ya sauko da akwatin ya ce, "Sai yaron nan ya ga sunana a sama da idonsa, tun yana iya gani."

Yaron da ake magana ya kusa saba'in. Amma na gane abin da yake nufi, kuma raina ya sosu.

Mai hankali da ya zura faifan ya ga ko zai tashi. Wiebe kuwa sai ya fara buɗe cikin injin. Akwai wani ɗan kan ƙarfe a ciki da ke bin layukan faifai yana karantawa. Ya gwada shi da wani faifan wasa da suka saya a kanti tun wancan zamanin, ya tarar kan ya goce daga inda ya kamata ya zauna. Ya yini a kansa da sukudireba, har faifan kantin ya tashi tsaf. Ya shigo kicin yana walƙiya kamar wanda aka yi wa bushara. Sannan ya zura faifan Likita. Injin ya yi ƙara, ya yi tari, 'yar jar fitilarsa ta hau kyaftawa. Babu komai. Ya gwada sauran fayafayan da suka rubuta da kansu, ko ɗaya bai tashi ba. Ga manhajar ceton fayafai ita ma tana neman mai ceto, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Ya ɗora laifin a kan fumfuna. Ya yanka rigunan, ya zaro fayafayan, ya wanke su da sabulun wanke-wankena, ya jera su a inda nake kife faranti. Kwana da kwanaki ina shan shayi a kofin baƙi saboda an hana ni matsawa kusa da wurin. Ya mayar da su cikin sababbin riguna, ya sake gwadawa. Shiru. Shi kuma Jelle kullum ganinsa raguwa yake, har ya daina hawa keke, abin da a wurinmu ya fi ƙwace wa mutum mota ciwo.

Wata Asabar da rana na je na ɗauko shi. Ya zauna da kofinsa, ya saurari ƙorafin Wiebe har ƙarshe.

"Tsaya tukuna, Sarkin Taya. Na kanti yana tashi, namu ba sa tashi?"

"Haka na ce."

"Ka tuna a ƙungiyar masu kwamfuta ba wanda injinsa ya taɓa iya kwafar Likita? Muka yi ta cika baki wai wani makulli muka ƙirƙiro na hana ɓarayi?"

"Ai mun ƙirƙiro."

"Wane makulli? Ni ban rubuta ba. Na ɗauka kai ne."

"Ni ma na ɗauka kai ne."

Jelle ya ajiye kofi, ya fara dariya har da riƙe ciki. "Kekenka ne makullin! Jijjigar titi ta gotar da kan injin, shi kuma ya yi ta rubuta mana komai a goce. Karkataccen inji ne kaɗai zai karanta karkataccen rubutu. Don Allah ce mini ba ka gyara shi ba."

Wiebe ya dubi rufi.

"Yaya, ya gyara?"

Na ce, "Tun ranar farko."

"Gyaran gangar Auzinawa ke nan!"

Ban taɓa jin tausayin mijina irin na ranar ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana miƙe abubuwa, yau an ce ya karkatar da abu da hannunsa, kuma daidai yadda yake a da, ba ƙari ba ragi. Ya sassauta ƙusoshin yana cije leɓe. Ya matsar da kan kamar faɗin gashi, ya gwada, ya sake matsarwa. Jelle ya kara kunne jikin akwatin.

"A'a, ba haka yake kuka ba. Ƙara kaɗan."

"In na ƙara zai lalace."

"Ai lalacewar muke nema, malam. Ƙara."

Miyar wake ta huce a kan tebur, na ɗumama, ta sake hucewa. Can wajen la'asar Jelle ya ɗaga hannu. Injin ya daina tari, ya shiga wani gurnani a hankali, jar fitilar ta tsaya cak. Talabijin ya yi shuɗi, fararen haruffa suka fito. Ina tsaye a bayansu na gani sarai. WIEBE a sama, JELLE a ƙasa.

Jelle ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka, sannan ya koma ya jingina.

"Shuɗi kawai nake gani. Mun makara. Karanta mini, wa ke sama?"

Shekara talatin da ɗoriya Wiebe yana jiran wannan tambayar. Ya gyara murya, ya sake gyarawa.

"Kai ne."

Jelle ya juyo inda yake jin numfashina. "Yaya, mijinki ya koyi ƙarya da tsufansa. Ni na buga sunayen nan da yatsuna. Nasa na sa a sama, don shi ya yi mafi yawan aikin. Ban taɓa mantawa ba."

Wiebe ya ce, "To duk shekarun nan me kake yi mini musu?"

"In na yarda, me za mu riƙa yi ran Asabar?"

Wiebe ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya ja kujerarsa kusa da ta Jelle.

"Naka ne a sama. Ni ke da ido a nan, ni na gani."

"Ƙarya kake, Sarkin Taya."

"In ka isa ka tabbatar."

Hawaye suka cika mini ido, ba na kuma son su ji a muryata, sai na wuce kicin na ɗora wani kofin. Daga can ina jiyo su, kowa na rantsuwa sunan ɗan'uwansa ne a sama.